DUKIYAR MAI RAI BA GADO BA CE

Jawabin da kwamitin walwalar jama'a ya gabatar a gaban 'yan ƙungiya a garin Mubi, dangane da wakilci da riƙon dukiyar dattijon da gigin tsufa ya kama.



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba wannan kwamiti damar yin magana a kan wani al'amari wanda kusan kowa ya san shi a cikin gida, amma ba a cika fito da shi bainar jama'a ba saboda kunya da kara. Al'amarin kuwa shi ne, idan tsufa ya taɓa hankalin uba ko uwa, ko wani babba a cikin dangi, har ya kai ba ya iya lissafin abin da ya mallaka, wa zai riƙe masa dukiyarsa, kuma da izinin wa? Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka za mu yi maganar a fili, muna roƙon iyayenmu su yi mana afuwa in harshe ya yi kaifi.

Abin da muke so kowa ya tafi da shi gida guda ɗaya ne. Muddin mutum yana numfashi, dukiyarsa tasa ce, ko da bai san ranar da ake ciki ba. Wanda ya riƙe ta ɗan amana ne, kuma riƙon yana da hanyar da shari'a da doka suka shimfiɗa.

CIWO NE, BA HALI BA

Da farko mu fahimci abin da muke magana a kansa. Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ne yake yin sa ba, kuma ba sammu ba ne ko jifa. Wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ne ya bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, shi ya sa ake kiran nau'in da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. A nan gida ma an yi bincike. Likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Indiyana a Amurka sun fara wani nazari a 1992, suka samu cewa cikin 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, kusan mutum 2 cikin 100 na da shi. Wani nau'in kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke kawo shi, kun kuwa san yadda hawan jini ya yi yawa a tsakaninmu.

Sau da yawa a wajen kuɗi ake fara ganin alamar. Dattijon da ya shekara 40 yana lissafin garke da ka, sai a ga ya ƙirga kuɗi sau uku bai tsaya a kan adadi ɗaya ba. Ya biya bashi yau, gobe ya sake biya. Ya ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ya manta, ya ce matarsa ko jikansa ne ya ɗauka. Ya yi kyautar da ba ta dace da ƙarfinsa ba ga wanda bai sani ba. To, in an ga haka, matakin farko asibiti ne. Dalili kuwa, akwai cututtukan da kan kawo irin wannan ruɗewa kuma suna warkewa, kamar ƙarancin wani sinadarin abinci a jini, ko ciwon maƙoƙo, ko zazzaɓi mai zafi, ko baƙin ciki mai tsanani. Akwai asibitin koyarwa a Yola, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Bayan magani kuma, takardar likita ita ce shaidar da za a nema daga baya a kotu da banki, don haka a adana ta.

ME YA SA ABIN YA FI YI MANA NAUYI

Jama'a, mu baƙi ne da suka zama 'yan gari. Kakanninmu da iyayenmu sun taso daga Kano, Katsina, Zazzau, Haɗeja, Sakkwato da sauransu, fatauci ya kawo su gindin waɗannan duwatsu, wasu tun Mubi na cikin yankin Kamaru ta Arewa da Ingila ke riƙo, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta haɗe yankin da Nijeriya. Sakamakon haka dukiyar dattijonmu ba a wuri ɗaya take ba. Gida a Mubi, rumfa a kasuwa, gonar gado a garin asali a hannun ɗan ƙane, shanu a hannun makiyayi, wasu ma a tsallaken iyaka, sefa a wurin ɗan canji, bashi a kan abokin ciniki a Marwa ko Garwa, kuɗin shanun da aka loda zuwa Kudu ba su dawo ba tukuna. Ga kuma ajiyar mutane da ke hannunsa, domin an san shi da amana.

Duk wannan lissafi a ina yake? A kansa. Cinikin kara da baki ake yin sa, a tafa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa, a watse. Tsarin ya yi mana aiki shekara da shekaru saboda akwai amana, amma littafin da ke cikin ka, ran da kan ya ruɗe, shi ke nan ya rufe. Ɗan abin da aka rubuta ma, mun san abin da ya same shi. Ranar 29 ga Oktoba 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, wa ya tsaya neman takardar fili? Mutane da kayan jikinsu suka fita, wasu Yola, wasu Kamaru, da aka dawo kuwa gidaje da yawa ba a tarar da takardu yadda aka bar su ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa lissafin da mutum ɗaya kaɗai ya sani, ko takardar da ke wuri ɗaya kaɗai, a bakin rijiya suke.

TAKARDAR WAKILCI DA IYAKARTA

Wakilci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littattafan fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure, irin su Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfatul Hukkam da alƙalai ke aiki da ita, duk suna da babin wakilci. Ma'anarsa mutum mai hankali ya ɗora wani a madadinsa ya yi masa abin da shi kansa yake da ikon yi, kamar saye da sayarwa, karɓar haya, biyan bashi ko karɓarsa. A ɓangaren boko kuma lauya ne ke rubuta takardar, mai dukiya ya sa hannu a gaban shaidu, a biya kuɗin hatimin gwamnati.

Sharaɗinta na farko, wanda in babu shi komai ya rushe, shi ne mai bayarwa ya kasance cikin hankalinsa a lokacin da yake bayarwa, ya san abin da ya mallaka, ya san wanda yake ba wa, ya san abin da takardar za ta haifar. Saboda haka tun ran gini ran zane. Wanda likita ya ce ciwon ya fara taɓa shi amma har yanzu yana gane al'amuransa, to kada a jira, a yi yanzu, kuma a nemi likitan ya rubuta cewa a ranar yana cikin hayyacinsa. Amma a ɗauki dattijon da bai san sunan 'ya'yansa ba, a kama babban yatsansa a dangwala a takarda, wannan ba wakilci ba ne, zamba ce, kuma duk cinikin da aka gina a kanta kotu na iya rushe shi.

In za a rubuta, a fayyace. A faɗi sunan wakili, a faɗi abin da aka wakilta shi a kai da abin da aka hana shi. Alal misali, ya karɓi kuɗin hayar shaguna, ya biya kuɗin magani da cefane, amma ba shi da ikon sayar da gida ko gona. A faɗi wanda zai riƙa nuna wa lissafi da kuma lokacin nunawa. Da yawa daga iyayenmu sun iya ajami da Larabci amma ba sa karanta Turanci. Doka ta tanadi cewa wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma shaida cewa an karanta masa ita an fassara masa ya gane kafin ya sa hannu. Kada a yarda a tsallake wannan. In kuwa wakilcin ya shafi fili ko gida, sai an yi masa rajista a ofishin filaye. A kuma sani cewa takardar wakilci ba ta mayar da wakili mai gida. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ude da Nwara a 1993, cewa izini ne kawai na yin aiki da sunan mai shi. Haka kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke da takardar mallaka ta gwamna ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna.

To, yanzu ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe, muna roƙon a saurara da kyau. Ana zaton in an riga an karɓi takardar wakilci, shi ke nan an huta har ƙarshen rayuwa. Ba haka ba ne. Wakili inuwar mai wakiltawa ne, abin da mai shi zai iya yi da kansa shi wakili ke yi masa. A ƙa'idar dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila, ran da hankalin mai bayarwa ya gushe, wakilci na yau da kullum ya faɗi. Akwai togaciya ga takardar da aka bayar a kan kuɗi aka kuma rubuta cewa ba a janye ta, irin wadda masu sayen fili ke karɓa, amma wannan ba ita ce ta ɗa da mahaifi ba. Su Turawan Ingila da suka ga wahalar da abin ke jawowa, sai suka yi doka a 1985, suka sake wata a 2005 wadda ta fara aiki a 2007, suka ƙirƙiro wakilci mai ɗorewa wanda ake yi wa rajista a wani ofishin gwamnati na musamman mai sa ido a kan wakilai. 'Yan'uwanmu da ke zaune can su kan ba da labarinsa, amma mu a nan ba mu da wannan ofishi, kada a ɗauko hukuncin can a ɗora a Mubi.

A fiƙihu ma maganar ta kusa da haka. Wasu mazhabobi sun ce da gushewar hankali wakilci ya warware nan take. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun sassauta, suka ce ba ya warwarewa da taɓin da ke zuwa ya wuce, amma idan abin ya daɗe ƙwarai, to al'amarin mutumin ya koma hannun alƙali ya duba masa. Gigin tsufa kuwa ciwo ne mai daɗewa, gaba yake yi. Kun ga ke nan hanyoyin biyu sun haɗu a ƙofa ɗaya, wato ƙofar alƙali.

Wani zai ce, to mene ne amfanin takardar tun da za ta faɗi? Amfaninta babba ne. Tana aiki a shekarun farko, lokacin da dattijo ke gane abubuwa amma zirga-zirgar banki da kasuwa ta fi ƙarfinsa. Sa'an nan ita ce shaidar wanda shi da kansa ya zaɓa ya amince da shi tun yana da lafiya, abin da zai taimaki alƙali, ya kuma rage gardama tsakanin 'ya'ya.

ZUWA GABAN ALƘALI

Mun san yadda muke jin nauyin kotu. Da an ce kotu sai a ce tonon asiri, wai za a kai Baba gaban alƙali a ce ya haukace. Jama'a, wannan ba ƙara ba ce, neman kariya ne. Shari'a ta san da abin da malamai ke kira hajru, wato a dakatar da hannun mutum daga dukiyarsa don amfanin kansa, a ɗora wani ya kula masa. Asalinsa yana cikin Alƙur'ani, a aya ta 5 da ta 6 ta Suratun Nisa'i, da kuma ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci waliyyin mai rauni. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma ya san da shi. Sashe na 277 ya lissafa al'amarin Musulmin da hankalinsa ya taɓu, da ciyarwa da riƙon Musulmin da ya raunana a jiki ko a hankali, cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu. A jiharmu daga kotun yanki ake farawa, ɗaukaka ƙara kuma a Yola. Maƙwabtanmu da abokan cinikinmu waɗanda ba Musulmi ba, su Babbar Kotun jiha ce hanyarsu. Haka kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ƙarfafa cewa mai irin wannan lalura yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa.

Akwai wani hukunci da zai ba wasu mamaki. A Malikiyya, walicci a kan dukiya na uba ne, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali. Babban ɗa ba ya zama mai riƙon dukiyar mahaifinsa don kawai shi ne babba, haka wa ko ƙane ko kawu. Alƙali ne ke naɗawa, kuma amana da iya lissafi yake dubawa. Yana iya zama ɗa na uku, yana iya zama 'ya mace, yana iya zama amini. Shawararmu ita ce, kafin a je kotu a zauna a gida. A kira dukan ɗakuna, maza da mata, da na nan da na garin asali, da matan dattijon, a gaban liman ko mai unguwa. A daidaita a kan mutum ɗaya, a sa wani daga wani ɗakin ya zama mai duba lissafi. Sa'an nan a tafi da takardar likita, da shaidu biyu da suka san halin da ake ciki, da jerin dukiya. Kafin a shigar da buƙatar kuma a leƙa banki a tambayi irin umarnin kotun da suke karɓa, don kada a yi wahala biyu.

AIKIN MAI RIƘO

Wanda aka ɗora wa wannan kaya, wakili ne ko naɗin alƙali, ga abin da ke kansa.

Na ɗaya, ƙidaya. Tun ranar farko a rubuta komai a gaban shaidu: gidaje, shaguna, gonaki, shanu da alamarsu da sunan makiyayin da ke riƙe da su, kuɗin banki, bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da ajiyar mutane. A yi wannan tun dattijon na iya tuna wani abu, a kuma tambayi abokan cinikinsa da dillalansa. A yi kwafi uku a ajiye a gidaje daban-daban, a ɗauki hotonsu a waya. A nan ne kuma za a ware kayan matansa. Sau da yawa tumakin uwargida ko kuɗin adashin amarya suna cikin na maigida, in ba a raba tun yanzu ba, gobe sai a ce duk gado ne.

Na biyu, kada ya gauraya da nasa. Kuɗin Baba ba jari ba ne da za a juya a mayar in an samu. Da yawa ba da niyyar ci suke farawa ba, rance ne, sai kasuwa ta juya, rance ya zama rami.

Na uku, littafi. Abin da ya shigo da abin da ya fita, da kwanan wata, da rasit in akwai. Duk wata uku ko shida a karanta wa 'yan'uwa. Mai gaskiya ma littafin nan shi ne garkuwarsa, domin zargi ba ya rasa mai riƙon dukiya, balle a gidan da ke da ɗakuna.

Na huɗu, inda kuɗin za su tafi. Cinsa, suturarsa, maganinsa, ladan mai jinyarsa, ciyar da matansa da ƙananan 'ya'yansa, da biyan bashin da ya tabbata. Kada a yi masa ƙwauro don a tara wa magada, dukiyar tasa ce, shi ya fi kowa cancantar cin ta. Zakka ma ba ta faɗi ba, a Malikiyya ana fitar da ita daga dukiyar yaro da ta wanda hankalinsa ya gushe, mai riƙo ne zai fitar. Amma kyauta, da gudummawar biki, da bai wa wani ɗa jari, waɗannan ba ikon mai riƙo ba ne. Sayar da gida ko gona kuwa sai da larura ko maslaha bayyananna, kuma a koma wa alƙali tukuna. In riƙon yana cin lokacin mai riƙo har ya hana shi nemansa, a yanka masa lada sananne a gaban kowa, ya fi ya riƙa ɗiba a ɓoye.

Wannan duka ya shafi iyayenmu mata. Tsohuwa na da gwal, da awaki, da gidan da ta gada, da kuɗin da 'ya'ya ke aiko mata. Sau da yawa dukiyarta ta fi saurin salwanta, domin a ɗaki take, kowa ya shiga ya ɗauka da sunan ajiya.

BANKI, KATI DA FANSHO

Abin da aka fi yi a yau shi ne a karɓi katin cirar kuɗin dattijo da lambar sirrinsa, a riƙa zuwa wurin mai POS. Sauƙi ne da shi, amma ba shi da tushe. Yarjejeniyar banki ta hana ba wani lambar sirri, in kuɗi suka ɓace ba mai saurarenku, kuma mai katin ba shi da abin da zai kare kansa da shi in 'yan'uwa suka tuhume shi. Ran da katin ya mutu ko layin waya ya toshe, banki zai ce mai asusu ya zo da kansa, domin tun 2014 da aka kawo lambar BVN, asusu a ɗaure yake da yatsa da fuskar mai shi. Hanyar da ta dace ita ce, tun yana da lafiya ya je da wakilinsa a cika takardar banki ta ƙara mai sa hannu, in kuma lokaci ya ƙure a kai umarnin kotu. A kuma sani, sunan da ake rubutawa a fom na ɗan'uwa mafi kusa ba izinin taɓa kuɗi ba ne, wanda za a nema ne in wani abu ya faru. Asusun da aka bari shekara guda ba a taɓa ba kuma, banki na dakatar da shi sai an sake tantancewa.

Sai 'yan damfara masu bugo waya su ce daga banki ne, a faɗa musu lambar da ta shigo. Mai lafiya ma suna ruɗa shi, balle wanda ya riga ya ruɗe. A mayar da saƙon banki kan wayar mai riƙo da ta mai duba lissafi. Kuɗin da ke ɓoye a ɗaki ma a neme su. Canjin kuɗin da aka sanar a Oktoban 2022, wanda ya jefa jama'a cikin wahala a farkon 2023 kafin Kotun Ƙoli ta tsawaita amfani da tsofaffin takardu, ya nuna mana haɗarin kuɗin da mai su ya manta inda ya binne. Tsofaffin ma'aikata kuma, hukumomin fansho kan nemi a tabbatar mai fansho na raye lokaci zuwa lokaci. Mai riƙo ya san lokacin, ya adana takardun aiki, in dattijon ba ya iya tafiya a sanar da hukumar a rubuce tare da takardar likita.

KYAUTA, WASIYYA DA RANAR RASUWA

Iyayenmu, wannan taku ce. Wanda yake son ya ba wani ɗa ko wata mata gida ko fili, ya yi tun yana da lafiya, a gaban shaidu, kuma wanda aka ba ya karɓa ya shiga. A Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasa hankalinsa ko ya kwanta ciwon ajali, kuma ya rasu a haka, ta ɓaci, ta koma gado. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Takardar kyauta da ta ɓullo bayan kowa ya san Baba ya ruɗe, ita ce irin wadda ke raba zumunci har jikoki.

Ran da Allah ya karɓi abinsa kuwa, wakilci da riƙo duk sun ƙare. Daga wannan lokaci dukiya ta zama ta magada, mai riƙo ya ajiye kati, ya kawo littafi, a yi jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyya, a raba. Cirar kuɗi da katin mamaci cin haƙƙin marayu ne, kuma laifi ne a doka.

MUTUNCINSA

Kada garin tsare dukiya a karya zuciyar mai ita. Mutumin da ya saba a zo gaishe shi ya sa hannu a aljihu, in aka wayi gari aljihun ba ko sisi, ciwon da zai ji ya fi na jiki. A bar masa 'yan canjin da zai ba jikoki da almajirai, ko ya ɓatar ba a yi asara ba. Abin da yake iya yanke shawara a kai a bar masa, a riƙa gaya masa an sayar da sa kaza, an karɓi haya, ko da zai manta an jima. In ya ce an yi masa sata, kada a yi musu da shi ko a yi fushi, ciwon ne ke magana, a taya shi nema. Masu jinya kuma, waɗanda galibi mata ne, a riƙa karɓar su suna hutawa, a kuma saka musu daga dukiyar.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Daga ƙarshe, kwamiti na gabatar da shawarwari uku. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti mai malami, da lauya ko tsohon ma'aikacin kotu, da ma'aikacin lafiya, da dattijuwa mace, wanda iyali za su iya zuwa wurinsa a asirce. Na biyu, ƙungiya ta buga fom mai sauƙi da Hausa, boko da ajami, na rubuta dukiya da bashi da ajiya, a raba wa kowane magidanci, a kuma taimaka wajen isar da saƙo ga dangi a garuruwan asali in za a yi zaman iyali. Na uku, mu da ke zaune a nan mu fara da kanmu. Duk wanda ya kai shekara 60, kai ko bai kai ba, ya zauna cikin wannan wata ya rubuta abin da yake da shi da abin da ake bin sa, ya faɗi wanda ya amince ya riƙe masa in ta Allah ta kasance. Rubuta wannan ba ya kawo ciwo kusa, kamar yadda wasiyya ba ta kawo mutuwa.

Iyayen nan su suka riƙe mu lokacin da ba mu san dama da hagu ba, ba su ci namu ba. Allah ya ba mu ikon riƙe musu nasu da gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da hankalinmu, ya zaunar da garinmu Mubi da ƙasarmu lafiya.